Labarin Waɗanda Suka Sauka Daga Gadon Sarauta a Sakkwato, da Abin da Jama'a Suka Ce

Tun daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, har zuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar wanda aka naɗa cikin 2006, mutum 20 ne suka riƙi sarautar Musulmi a wannan gida. Mafi yawansu mutuwa ce ta raba su da ita, aka kai su makwancinsu, aka naɗa wani. Irin waɗannan labarinsu ba shi da wuyar rubutawa, sai a kawo shekarar hawa da shekarar rasuwa da abin da aka aikata a tsakani. Amma akwai waɗansu kaɗan, cikin sarakunan da kuma 'ya'yan gidan, waɗanda suka saki aiki suna da ransu, wani da son zuciyarsa, wani da rabin sonta, wani kuwa ko shawararsa ba a yi ba. A takarda kalma ɗaya ake yi wa yawancinsu, a ce wane ya yi murabus. A bakin mutanen gari kuwa ba haka abin yake ba, don su ba su taɓa yanke wa mutum biyu hukunci ɗaya cikin wannan sha'ani ba.

Shehu da kansa shi ne ya fara. An yi masa mubaya'a a Gudu cikin 1804, bayan hijirarsa daga Degel. Aka yi ta yaƙi shekara huɗu, har Allah ya buɗe Alƙalawa cikin 1808. Wani ne, da a sa'an nan zai gyara zama, ya gina fada, ya tara bayi da dawaki. Shi kuwa Shehu sai ya koma Sifawa ya zauna yana karantarwa yana wallafa littattafai. Cikin 1812 ya raba riƙon ƙasa biyu, yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Ya shigo Sakkwato cikin 1815, ya rasu cikin 1817. Bai ajiye sunan Amirul Muminina ba har ya cika, amma aikin yau da kullum na mulki ya bar shi a hannun waɗanda ya ga sun fi dacewa da shi. Babu wanda ya zarge shi da gudun aiki. Mutane sun ga inda ya fuskanta, watau wajen allo da littafi, sun kuma ga bai bar ƙasa ba mai riƙo ba. Har wa yau Hubbare ba ya rabuwa da masu ziyara. Cikin 'ya'yansa ma akwai Muhammadu Sambo, wanda ya nisanci sarauta ya zaɓi zuhudu, jama'a kuwa suka lissafa shi cikin waliyyai.

Labarin Malam Abdullahi ya fi wannan nauyi, don shi tafiyarsa ta fushi ce. Cikin 1807, ana tsakiyar jihadi, rundunar jama'a ta tasam ma Alƙalawa, sai ya duba ya ga abokan da aka fara abin da su yawancinsu sun yi shahada, waɗanda suka saura kuwa da yawa zukatansu sun karkata wajen ganima da riguna da dawaki da neman muƙami. Abin ya yi masa zafi. Sai ya sulale daga cikin runduna da mutane ƙalilan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina, ba da niyyar komowa ba. Shi da kansa ya ba da labarin wannan cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. To, a dubi girman abin: wazirin Shehu ne, kuma jagoran yaƙin Tabkin Kwatto, ya bar mutanensa a hanyar yaƙi. Da ƙaramin barde ne ya yi haka, da sunansa ya ɓaci har jikokinsa.

Da ya isa Kano a zamanin Sarki Sulaimanu, ya tarar abin da ya guda a gida yana nan ya riga shi zuwa. Mutanen Kano suka tsare shi da roƙo, suka ce ya zauna ya koya musu yadda ake hukunci. Ya zauna ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da alƙalai da masu mulki suka daɗe suna komawa gare shi. Sa'an nan ya fasa tafiya, ya juyo gida, ya sake ɗaukar kayan da ya ajiye. Abin da ya wanke shi a idon jama'a shi ne kowa ya san bai tafi neman wani abin duniya ba, kuma ya komo. Ƙorafin da ya yi ma shi ne ya zama ma'aunin da talakawa suka riƙa auna sarakunan baya da shi, ko da yake ba kowane sarki ya ji daɗin wannan ba.

Ya sake yin wani abu irin wannan a ƙarshen ransa. Da Shehu ya rasu aka yi wa Bello mubaya'a, Abdullahi ya zo daga wajen garinsa ya tarar an riga an gama, ya koma ransa a ɓace. Aka yi 'yan shekaru tsakaninsu ba daɗi, har ranar da Bello ya kawo masa gudummawa a yaƙin Kalambaina. Masu ba da labari sun ce Bello ya yi haramar sauka daga doki don ya gai da baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Daga nan sai ya sakar wa ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu yawancin aikin Gwandu, ya koma ga karatunsa.

Wanda ya fi duka girgiza ƙasa shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na 1, ɗan Ahmadu ɗan Atiku. An naɗa shi cikin watan Oktoba 1902, bayan rasuwar Abdurrahman, Nasara kuwa suna bakin ƙofa. Ran 15 ga Maris 1903 aka gamu a Giginya, a bayan ganuwar birni. Masu da takubba da kibau ba su iya da bindiga mai ruwa ba, kafin rana ta yi tsaka an watse. Attahiru ya hau ya nufi gabas. Ran 21 ga watan Gwamna Lugga ya tabbatar da Muhammadu Attahiru na 2, ɗan Aliyu Babba, a bisa gadon sarauta. A lissafin Turawa magana ta ƙare ke nan, akwai sabon Sarki, wancan kuwa tsohon sarki ne mai gudu.

Talakawa ba su karanta wannan lissafi ba. Su a wurinsu Sarkin Musulmi ya yi hijira kamar yadda kakansa ya yi daga Degel, kuma daɗaɗɗen zance ne a ƙasar cewa ƙarshen al'amarin jama'a tafiya gabas ne. Duk garin da ya ratsa, daga Gusau zuwa ƙasar Zazzau da Kano har gaba, sai mutane su bi shi, manoma su bar gonakinsu ga damina tana gabatowa, mata su ɗora kaya a ka, malamai su kwashi littattafansu. Sarakuna ma sun bi, kamar Sarkin Bida Abubakar da Sarkin Misau Ahmadu da Magajin Keffi Ɗan Yamusa. Turawa suka ga in an ƙyale shi ƙasa za ta zama kango, ba mai noma balle mai biyan haraji, suka bi shi da sojoji. Ran 27 ga Yuli 1903 aka yi karo na ƙarshe a Burmi, kusa da kogin Gongola. Attahiru ya yi shahada tare da mutane fiye da 600, a ɓangaren Turawa kuma aka kashe shugaban rundunarsu, Manjo Mash. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har ƙasar Sudan, suka kafa gari a bakin kogin Nilu wanda ake kira da sunansa, zuriyarsu suna can.

Ga ma'aikaci, akwai wani mutum cikin wannan labari da ya kamata a tsaya a kansa, shi ne Waziri Muhammadu Buhari. Bayan an watse a Giginya shi ma ya fita gari, ya tsaya a Marnona da jama'a masu yawa, ba su san inda za su sa kansu ba. Su bi Sarki, ko su koma? In sun bi, wa zai tsaya wa tsofaffi da marayu da raunana waɗanda ba su iya tafiya? In sun koma, me za a kira su? Ya yi shawara da malamai, suka ba shi fatawar cewa ya halatta a zauna da wanda ya fi ƙarfi a bisa lalura, muddin ba a hana salla da shari'a ba. Ya komo birni ya sadu da Turawa. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, har ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abuta ilmi yana bayyana dalilinsa, kamar mai kare kansa gaban alƙali. Mutumin da ya tabbata jama'a sun yarda da shi ba ya bukatar irin wannan wasiƙa. Yabo ya bi wanda ya tafi, aikin kuwa ya faɗa a kan wanda ya zauna, kuma a kan wannan zama nasa aka gina Baitulmali da kotunan alƙalai da dukan abin da daga baya aka kira En'e. Da kowa ya bi Attahiru, da babu wanda zai tsaya tsakanin talaka da Bature. Da kuwa babu wanda ya bi shi, da gidan Shehu ya rasa wani abin da ba a saye da kuɗi. Mutanen Sakkwato sun riƙe duka biyun, ba su yar da ko ɗaya ba, sai dai sun fi ɗaga murya in suna ambaton na farko.

Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari shi ne wanda kalmar murabus ta fi zama a kansa, shi ne kuma wanda bakin mutane bai yi wa sauƙi ba. Ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare ne, na gidan Atiku, wanda ya kafa Gwadabawa. Tambari ya riƙi ƙasar Gwadabawa, sa'an nan ya gaji ubansa cikin 1924. A al'adar Sakkwato akwai masu zaɓen sarki, irin su Waziri da Magajin Gari da Magajin Rafi da Galadiman Gari da waɗansu manyan uwayen ƙasa, kuma sarauta takan zaga tsakanin gidajen 'ya'yan Shehu. A wannan karo zukatan mutane da yawa suna wajen Hassan ɗan Mu'azu, Sarkin Ɓauran Dange, na gidan Bello, amma Turawan da ke riƙe da lardi suka fi son Tambari, nasu kuwa shi ya tabbata. Watau tun ranar hawa ya shiga fada da bashin da bai ci ba. Sarkin da ya san manyan gari ba su so shi ba, dole ya nemi nasa mutane, in ya ɗaga nasa kuwa sai ya taka na wasu, waɗanda aka taka su kuma ba su barci.

Haka aka yi. Ya saɓa da manyan majalisarsa, aka tuɓe waɗansu, aka ɗaga waɗansu. Kafin shekara shida ƙararraki sun taru a gaban Razdan: ana tuhumarsa da karɓar rance a hannun uwayen ƙasa da ma'aikata, da karkatar da shari'a, da kuma hulɗa da bokaye. Duk wanda ya zauna kusa da alƙali ya san tuhuma daban, tabbatarwa daban, ya kuma san ranar da babba ya fara tangaɗi shaidu sukan yi yawa, har da waɗanda jiya suke cin tuwonsa. Masu bincike na baya waɗanda suka karanta takardun zamanin, akwai cikinsu masu ganin Turawan da suka ɗora shi su ne suka sake shi sa'ad da ya zame musu nauyi. Amma tuhuma ta uku ita ce ta kashe shi a idon gari. Sarkin wani wuri a ce yana da boka, sai a yi murmushi a wuce. Magajin Shehu kuwa, wanda kakansa ya yaƙi sarakunan Gobir a kan irin wannan, ko ƙishin-ƙishin ɗinsa ya isa.

Cikin watan Janairu 1931 ya sauka, ya bar birni ya ƙetare iyaka zuwa ƙasar da Faransawa ke mulki a lokacin. Daga baya ya komo ƙasar Ingilishi, aka zaunar da shi a Wukari, can ƙasar Jukun, nesa da Rima, a can kuwa ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Attahiru ya fita, ƙasa ta bi shi. Tambari ya fita, kasuwa ta ci kamar kullum. Aka naɗa Hassan ɗan Mu'azu, mutane suka ce abu ya koma wurinsa. Sai dai waɗanda suka sha wuyar abin ba a cika ambatonsu ba, su ne barorinsa da malamansa da ƙananan ma'aikatan da suka hau ta dalilinsa. Sarki ya sauka da rigarsa, amma malamin da aka ɗauka aiki don shi, sai ya wayi gari yana neman wanda zai tsaya masa. Sarki goma zamani goma, in ji Hausawa, ma'aikacin En'e kuwa ya fi kowa sanin fassarar wannan.

Wani abin mamaki, cikin 1925, Tambari yana da shekara ɗaya a kan gado, ɗan Sarkin Ingila mai jiran gado ya zo Kano, sarakunan Arewa suka taru aka yi masa gagarumin hawan daba. Wannan yaro shi ne ya zama Sarki Edwad na 8 cikin Janairu 1936, bai kuwa cika shekara ba ya yi murabus cikin Disamba, don yana son ya auri wata Ba'amurkiya wadda ta taɓa aure ta fita, gwamnatinsa da manyan cocinsa kuwa suka ƙi. Ƙanensa Joji na 6 ya hau. Watau Turawan da suka karɓi murabus ɗin Tambari, shekara shida ba ta cika ba sai da suka karɓi na Sarkinsu. Mutanen Ingila da farko akwai masu tausayinsa, amma da yaƙin Hitila ya zo suka ga ƙanen ya zauna da su a Landan ana ruwan bama-bamai, sai zukata suka koma wajen wanda ya zauna. Edwad ya rasu a Faris cikin 1972. Cikin 2020 kuma wani ɗan wannan gida, Yarima Hari, ya ajiye ayyukan fada ya koma Amurka da iyalinsa, mutanen ƙasarsa suka rabu biyu a kansa, tsofaffi sun fi zarginsa, matasa sun fi yi masa uzuri.

A Kano an ga wani launi. Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus cikin 1963, bayan binciken da Gwamnatin Jihar Arewa ta sa Mista Mafet ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano, aka kai shi Azare. A takarda murabus ne, amma Kanawa da yawa sun ɗauke shi tuɓewa, suka ce Kaduna ce ta ci mutuncin Kano, har aka kafa jam'iyyar siyasa saboda wannan fushi. Shi kuwa ya kama bakinsa, ya duƙufa ga ibada da shugabancin ɗariƙar Tijjaniyya, almajirai suna zuwa gare shi daga ko'ina. Daga baya ya dawo ƙasar Kano ya zauna a Wudil har ya rasu cikin 1991, girmansa a wurin jama'a bai ragu ba.

Sarkin Musulmi Abubakar na 3, wanda ya gaji Hassan ran 17 ga Yuni 1938, shi bai bar aiki ba, aikin ne ya bar shi. Ya hau yana da kotunsa da 'yan dokansa da gidan yari da Baitulmali, uwayen ƙasa duka suna ƙarƙashin hannunsa. Bayan 1966 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari ɗaya bayan ɗaya, cikin 1976 kuma aka kawo tsarin ƙananan hukumomi, En'e ta zama tarihi. Waɗansu sun zaci in sanda ta fita daga hannun Sarki, gaisuwa ma za ta ragu. Ba ta ragu ba. Ya zauna a fadarsa yana sulhu yana karɓar baƙi har ya cika shekara 50 a kan gado, ya rasu ran 1 ga Nuwamba 1988.

Wanda ya gaje shi, Ibrahim Dasuƙi, na gidan Buhari ɗan Shehu, tsohon ma'aikacin En'e ta Sakkwato ne tun yana saurayi, kafin ya shiga aikin gwamnati da kasuwanci. Naɗinsa ya zo da irin ciwon da na Tambari ya zo da shi, don mutanen gari suna jiran Muhammadu Macciɗo ɗan marigayi, da suka ji an ba wani sai birni ya hargitse kwana da kwanaki, aka yi hasarar rayuka da dukiya. Ya yi shekara takwas ba cikakku ba. Cikin watan Afrilu 1996, zamanin Janar Sani Abacha, aka kira shi gidan gwamnati aka gaya masa an tuɓe shi, aka ɗauke shi a jirgin sama aka kai shi Zing a jihar Taraba, aka naɗa Macciɗo. Shi ko kalmar murabus ba a ara masa ba. A ranar mutane da yawa sun yi murna a Sakkwato. Amma ya yi shekara 20 bayan haka, yawancinsu a Kaduna, bai tada fitina ba, bai nemi ya raba gari ba, masu murnar nan kuwa suka yi ta tsufa suna sassautowa. Da ya rasu a Abuja ran 14 ga Nuwamba 2016, aka kawo gawarsa Sakkwato, jama'a suka taru suka yi masa salla, aka binne shi a Hubbare kusa da kakanninsa.